"Yaya Ka Ji?" Tambayar 'Yan Jarida Ga Wanda Ya Tsira Daga Masifa

An ba ni minti kaɗan in yi magana kan aikin jarida, ga shi kuwa akwai ma'aikatan rediyo da jarida a cikinmu, saboda haka ina neman afuwarsu tun kafin in fara.

Babu mutumin Rigasa da zai manta daren Litinin, 28 ga Maris, 2022. Jirgin ƙasan da ya taso daga Idu a Abuja bai iso tasharmu ba. 'Yan bindiga sun dasa bam a kan layin dogo a wajen Katari, suka buɗe wa taragai wuta, suka kashe aƙalla mutum 8, suka shiga daji da mutane fiye da 60. Rukunin ƙarshe, mutum 23, sai a ranar 5 ga Oktoba suka fito, jirgin kuma bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba. A tsawon waɗannan watanni, waɗanda suka tsira da iyalan waɗanda aka sace sun sha tambayoyi. Mutum ya kwana cikin tarago yana jin harsashi, ko ya yi wata shida a daji, sai a miƙa masa makirufo a ce, "Yaya ka ji?" To, me ake so ya ce?

Ni a ganina ba wauta ce ke kawo wannan ba, tsarin aikin ne. Ɗan rahoto ba shi da ikon komawa ofis hannu wofi. Edita yana jiran murya, muryar ma wadda ba za ta wuce daƙiƙa ashirin ba, don a saka ta kafin labaran ƙarfe huɗu. Doguwar tambaya mai ma'ana tana jawo doguwar amsa, ita kuwa "yaya ka ji" nan take take jawo kuka ko salati, abin da ya fi saurin kama kunnen mai sauraro ke nan. Ga kuma rashin samun bayani daga hukuma. A ofisoshin gwamnati, inda ni da wasunku muke neman abinci, amsar da muka fi iyawa ita ce "ba a ba ni izinin magana ba". Ku tuna yadda aka yi ta cewa mutum 970 ne a cikin jirgin, daga baya hukumar jiragen ƙasa ta ce 362 ne aka tantance sun shiga. Idan mai alƙaluma ya kulle ƙofarsa, ɗan rahoto sai ya koma kan wanda ba shi da ƙofar kullewa, wato majinyacin da ke kwance a gadon asibiti.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu Hausawa musamman. Wani zai ce ai mu ma muna tambaya, in mun je gaisuwa mukan ce "ya haƙuri?", in mun je jaje mukan ce "ya aka ji da tsoro?" Gaskiya ne. Amma waɗannan tambayoyi kakanninmu sun ajiye masu amsa tun tuni. Mutum ya ce "da godiya" ko "alhamdu lillahi", a yi addu'a, a shafa, a tashi. Ba a nemi ya tono cikinsa ba, an dai nuna masa ba shi kaɗai ba ne. Tambayar ɗan jarida ta ari rigar gaisuwa ce kawai. Idan dattijo ya amsa da "alhamdu lillahi", ɗan rahoto yakan ga bai samu komai ba, sai ya ƙara matsawa: "Amma Baba, me ya zo maka a rai lokacin da ka ga gawar?" Nan ne ake fita daga ladabi. An sa mai kunya da kawaici ya buɗe zuciyarsa a gaban duniya, alhali ko a gaban ƙaninsa ba zai yi ba.

Ba ina cewa a daina zuwa wurin waɗanda abin ya shafa ba ne. Ku dubi Tudun Biri, nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Igabi. A daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi ya jefa bam kan masu taron Maulidi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Rundunar sojan sama ta ce ba ita ba ce, daga baya rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa jirginta ne. Daga bakin mutanen ƙauyen, har da waɗanda aka kwantar a asibitin Barau Dikko, duniya ta ji cewa sau biyu aka jefo, na biyun kuma ya sami waɗanda suka dawo ɗaukar 'yan'uwansu. Wace tambaya ce ta fito da wannan? "Ƙarfe nawa ne? Sau nawa? Yaushe taimako ya iso?" Irin wannan tambaya tana ɗaukar mutum a matsayin mai shaida, wanda ya san abin da hukuma ba ta faɗa ba, kuma tana da sauƙin amsawa ga wanda zuciyarsa ke ciwo.

Su kansu 'yan jarida sun san haka. Ƙa'idojin aikin da suka amince da su a Ilori cikin 1998 sun tanadi cewa a tunkari mai baƙin ciki ko firgici cikin tausayi da taka-tsantsan. Roƙona ga abokanmu da suka zama editoci shi ne, idan yaro ya dawo daga asibiti da suna da lokaci da adadi, amma babu kuka a cikin rikodarsa, kada a ce masa bai yi aiki ba.