Idan Allon Arduino Ya Ɗauki Zafi

Allon Arduino Uno da bolt 5 yake aiki. Saboda rashin wuta, mai koyo a Darmanawa ko Gyadi-Gyadi a Kano kan jona shi da batirin sola mai bolt 12, sai ɗan abin daidaita wuta da ke kan allon ya mai da rarar bolt 7 ta koma zafi. Ga kuma zafin Afrilu a Kano, mai kaiwa digiri 40.

Da zarar yatsa ya kasa jure taɓa allon, a zare wuta. A cire wayoyi duka, a kunna ta USB kaɗai. Idan ya huce, batirin ne ya jawo zafin, ko wayoyi ne suka taɓa juna, ko kaya suka yi wa ƙafar allon da ake jona waya yawa, don miliamfa 20 take ɗauka lafiya. Idan bai huce ba, wataƙila wani abu a allon ya ƙone.