Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Borin Jini Mai Tsanani A Makarantu



Kowa ya san borin jini, amma akwai wani irinsa mai kisa. Wani yaron, da ya ci abin da jikinsa ya ƙi, kamar gyaɗa ko madara ko ƙwai ko kifi, ko kuwa zuma ta harbe shi, sai leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya toshe, numfashi ya gagara. Maganinsa na fari allura ce, sunanta adirinalin, a gefen cinya a ke yinta nan take.

A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, cikin 2003, wata yarinya mai shekara 13 ta rasu bayan ta ci abincin makaranta wanda cuku ya taɓa. Saboda haka aka kafa doka cikin 2005, aka sa mata sunanta, watau Dokar Sabrina. Dokar ta tilasta kowace makarantar gwamnati ta ajiye takardar kowane yaro mai wannan lalura, a kuma koya wa malamai yin allurar. Malamin da ya yi ta da kyakkyawar niyya, ba shi da diyyar biya. Amurka ta yi doka mai kama da ita cikin 2013. Ingila kuwa ta yardar wa makarantu su sayi allurar su ajiye tun 2017.

A Nijeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashi na 20, ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Amma aikin asibiti sai an kai yaro ya ke farawa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ga shi nan kan hanyar Zariya, kusa da makarantun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, duk da haka mintocin farko a hannun malamin aji su ke. Ga shi kuwa ƙuli-ƙuli da yajin tsire da kunu ba su rasa gyaɗa.

Don haka a ke roƙon Hakimai su tara dagatai da masu unguwa da shugabannin makarantu, har da na Islamiyya, a kan abu uku. Na ɗaya, iyaye su faɗi abin da ke tayar wa ɗansu da ciwon, a rubuta. Na biyu, a nemi ma'aikacin lafiya ya koya wa malamai alamun ciwon da yin allurar. Na uku, in abin ya auku a kwantar da yaro, a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi wuya a zaunar da shi, kada a bar shi ya yi tafiya. Sa'an nan a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo, gama ciwon ya kan komo.

Malaman Hakimai su riƙe lissafin makarantun da suka cika wannan. Waccan doka sai da aka yi rashi ta samu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, amin.