Jawabin Shugaban Ƙungiya Kan Koya Wa Yara Gaɗa Da Takkai

Iyayenmu dattawa, da ƴan'uwa mutanen Tibiri da Jiratawa mazauna unguwar Zariya, barkanku da zuwa.

Zamanin samariya, bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, dandali ba ya rabo da kiɗa. Yau ɗiyanmu sun iya rawar Indiya ta cikin waya, amma ba su san gaɗa ba.

Don haka za mu koya musu. Mai koyon gaɗa da tafi zai fara, sannan waƙa, sannan ƙafa. Ƴanmata su yi da'ira gaban iyayensu mata, samari su riƙe sandunan takkai can gefe. A fara bayan la'asar, a watse kafin magariba.

Tsofaffin da suka iya, don Allah ku fito tun kuna da ƙarfi. Allah ya ba mu sa'a, amin.