AKWATIN ƁOYO: DABARAR HANNU DA RIƘON AMANA



Abin da zan yi magana a kansa yau, in mutum ya ji shi da farko, sai ya ce ai wannan wasan yara ne. Wasa ne kam, amma manya ke yinsa, cikinsu har da injiniyoyi da likitoci da tsofaffin sojoji. Turawa suna kiransa jiyokashin, ni kuwa zan kira shi wasan ɓoyon akwati. Yadda ake yinsa shi ne, wani ya sami ɗan akwati, ya sa littafin sa hannu a ciki, ya kai shi wani wuri ya ɓoye. Sa'an nan ya auna lambobin wurin da na'urar GPS, watau wadda ke karɓar saƙon taurarin ɗan'adam ta gaya wa mutum inda yake a doron ƙasa, ya buga lambobin a intanet. Duk mai sha'awa sai ya bi lambobin ya nemo akwatin, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar da shi daidai inda ya same shi. In akwai 'yan kayan tsaraba a ciki yana iya ɗaukar ɗaya, muddin zai ajiye wani wanda bai gaza shi daraja ba.

Wasan yana da kaka a ƙasar Ingila. Cikin shekarar 1854 wani mai yi wa matafiya jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba a wani wuri mai wuyar zuwa da ake kira Cranmere Pool, cikin dajin Dartmoor, domin wanda ya iya kaiwa can ya bar katinsa a ciki. Amma irin wanda ake yi yanzu a Amurka aka haife shi. Tun da farko gwamnatin ƙasar da gangan take rage ingancin saƙon GPS ga farar hula, har na'ura takan yi kuskuren da ya kai mita 100. A farkon watan Mayu na shekarar 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umurni aka daina, kuskuren ya sauko zuwa kimanin mita 10. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti na roba, ya zuba littattafai da faifan bidiyo da danƙon harbin tsuntsu da gwangwanin wake, haɗe da littafin sa hannu da fensir, ya ajiye a bakin daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon. Cikin 'yan kwanaki aka gano shi. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da akwatuna 75. Yau sun wuce miliyan 3, a ƙasashe fiye da 190.

To, ku lura da mita goman nan da na ambata, gama a nan ne maganata take. Tauraron ɗan'adam yana kawo mai nema kusa da wurin, daga nan sai ya sake shi. Abin da ya rage tsakanin mutum biyu ne waɗanda watakila ba za su taɓa ganin juna ba, wanda ya ƙera akwatin da wanda ya zo nemansa. Saboda haka tilas maƙeri ya yi shiri da abubuwa huɗu tun yana gida: ruwa, da mai wucewa, da mai nema, da kuma tsoron jama'a. Wanda ya manta da ɗaya daga cikinsu, duk iya dabararsa, aikinsa ya tashi a banza.

Ruwa shi ne babban abokin gaba. Akwatin zai zauna a fili shekara da shekaru, littafin da ke ciki kuwa takarda ne. In ruwa ya shiga sau ɗaya, tawada ta narke, shafuka su manne, hunhuna ta kama su, sunayen duk waɗanda suka sha wuya suka zo su ɓace. Shi ya sa gwanayen wasan suka fi amincewa da tsohon akwatin harsashi na soja, don ƙarfe ne, kuma murfinsa yana da zoben danƙo wanda ke matsewa in an danna maƙulli. A Jamus sun fi son ɗan bututun robar nan mai kauri wanda masana'anta ke hurawa ya zama kwalbar lemo, domin bakinsa yana da zare, ana murɗa murfin ya rufu ram. Ɗan kwanon fim na kyamara, wanda aka yi yayi da farko, ya sha ba mutane kunya, gama murfinsa dannawa kurum ake yi, in ya tsufa sai ya saki. Ka'idar a nan ita ce, duk murfin da ba shi da zoben danƙo ko zare, kada a dogara da shi. Gwajin kuwa ba wuya: a sa busasshiyar takarda a ciki, a rufe, a danne shi cikin bokitin ruwa ya kwana, da safe a duba. Bugu da ƙari, ko ruwan sama bai shiga ba, iska mai laima da aka rufe a ciki da rana takan zama raɓa in dare ya yi sanyi. Don haka ake sa littafin cikin leda mai zif, ko a nemi takardar da ba ta jin ruwa. Abinci kuwa an hana sa shi sam, domin ƙanshinsa yana jawo namun daji da ɓeraye su fasa akwatin.

Na biyu shi ne mai wucewa, wanda bai san da wasan ba. In ya ga akwatin, ko dai ya ɗauke, ko ya zubar da shi a shara. Binnewa kuwa ba dama, don dokar wasan ta hana haƙa ƙasa, ko da yake shi kansa Ulmer ya ɗan tura bokitinsa cikin ƙasa kafin a kafa dokar. Ke nan sai a ɓoye abu a sarari. An kasa akwatunan gwargwadon girma: wanda bai kai mililita 100 ba, da wanda ya kai har lita 1, da na lita 1 zuwa 20, da wanda ya wuce haka. Kowanne da irin suturarsa. Wani yakan sami guntun icce ya tsaga shi biyu, ya rarake cikinsa, ya sa akwatin, ya haɗe shi da maganaɗisu, ya yar da shi cikin 'yan'uwansa itatuwa. Wani yakan kwaɓa siminti ya lulluɓe akwati da shi, ya barbaɗa masa yashin wurin tun yana ɗanye, ya bushe ya zama dutse. A birni akan huda cikin ƙatuwar ƙusa mai noti, a naɗe siririyar takarda a tura, a manna ta da maganaɗisu a jikin dogaran ƙarfe inda akwai irinta goma. Sirrin duka shi ne maƙeri ya fara zuwa ya ƙare wa wurin kallo kafin ya taɓa guduma. Dutse fari a cikin jan dutse tona asiri yake yi. Fenti mai sheƙi ma haka, gama rana tana haska shi daga nesa. Sai a goge roba da samfefa tukuna, a shafa fenti marar ƙyalli, launi biyu ko uku.

Na uku shi ne mai nema, wanda domin shi aka yi aikin. A nan ne masu basira ke baje kolinsu, har akwai akwatunan da ganinsu ba wuya, buɗe su ne aiki. Bari in kwatanta muku ɗaya da ya shahara. Ana ɗaure bututun famfo a tsaye, a toshe gindinsa, a saki ɗan akwati marar nauyi a ciki inda hannu ba ya kaiwa. Mai nema ya leƙa ya gani, amma ba dama ya ciro. Sai in ya tuna da ilmin da Arkimidis ya bari, ya ɗebo ruwa ya zuba, akwatin ya taso da kansa. Bututun da faɗin bakinsa santimita 5 ne, tsawonsa mita 1, yana cin ruwa kusan lita 2, saboda haka maƙeri mai adalci yakan faɗa a bayaninsa cewa a zo da ruwa. Wasu sukan huda jikin bututun wuri biyar ko shida, yadda mutum ɗaya ba zai iya toshe su yana kuma zuba ruwa ba, dole ya gayyato abokai. Kuma lalle a bar ɗan ƙaramin rami a gindi domin ruwan ya tsiyaye bayan an tafi. In ba haka ba na gaba zai tarar da akwatin yana iyo, wasa ya lalace, a ƙasashen sanyi kuma ruwan ya daskare ya fasa bututun.

Akwai iyaka ga wannan basira. Ana auna wuyar kowane akwati daga tauraro 1 zuwa 5, kuma ana so maƙeri ya faɗi gaskiya. Mutum ya yi tafiya mai nisa, rana tana dukansa, in abin ya ƙi buɗuwa zai sa ƙarfi. Duk dabarar da ba za ta jure hannun gajiyayye ba, ba za ta yi wata guda ba. Haka nan tilas ta zama mai sauƙin mayarwa yadda take, domin wanda ya buɗe shi ne zai shirya wa na bayansa. Akwai kuma irin suturar da masu hankali ke gudu, kamar akwati mai kama da na wutar lantarki, gama yana koya wa mutane tura hannu inda wata rana za su taɓa na gaske.

Na huɗu, tsoron jama'a, shi ya fi duka nauyi. A watan Yuli na shekarar 2011, a garin Wetherby da ke arewacin Ingila, aka ga wani mutum yana laɓe-laɓe, ya tura wani ɗan akwati ƙarƙashin mazubin furanni a bakin titi ya tafi. Aka kira 'yan sanda, aka rufe tsakiyar garin na sa'o'i, masu kantuna suka yi hasarar ciniki, sojojin kwance bam suka zo suka tarwatsa akwatin. Ashe na wasa ne. Wanda ya kai rahoto bai yi laifi ba, abin da ya gani ya isa tsoro. Don gudun irin wannan ake so a rubuta a jikin kowane akwati, baro-baro, cewa na wasa ne. A shafe rubutun soja da ke jikin akwatin harsashi. A cikin gari kuma a yi amfani da roba mai nuna abin da ke ciki. Bututu mai murfi gaba da baya, ko wani abu mai wayoyi a waje, bai kamata ya kusanci kasuwa ko gada ko tasha ba. Kafin a buga akwati a shafin, akwai masu aikin sa kai da ke dubawa, su tabbatar akwai ratar aƙalla mita 161 tsakaninsa da na kusa da shi, kuma an bi sauran dokoki, cikinsu har da neman iznin mai wurin.

'Yan'uwa, in waninmu yana sha'awar gwadawa a nan gida, to ya ƙara da nasa lissafin. Gara ba za ta bar guntun icce ya kai baɗi ba. Zafin bazara yana sa roba ta bushe ta tsage, ruwan Agusta kuwa yana tafiya da abin da aka ajiye a kwari. Kogon bishiya da ƙarƙashin dutse gidajen kunama da maciji ne, bai halatta ka sa baƙo ya tura hannu can ba. A halin tsaro irin namu kuma, wanda ya ajiye akwati ba da sanin mai unguwa ko hukumar wurin ba, ya jefa kansa da mai nemansa cikin abin da ya fi na Wetherby muni.

Daga ƙarshe, ranar da aka ajiye akwati ita ce ranar da aikin ya soma. Dokar wasan ta ɗora wa mai shi ya riƙa kewayawa, ya sake littafi in ya cika, ya gyara abin da ya lalace, in kuwa ya gaji ya je ya kwashe kayansa kada su zama shara. Bokitin Ulmer bai daɗe ba, allon tunawa ne a wurin yanzu. Amma akwai wani da ake kira Mingo a jihar Kansas, wanda aka ajiye ranar 11 ga Mayu, 2000, shi ne mafi tsufa cikin waɗanda ake nema har yau. Ba wata dabara ta ban mamaki a jikinsa. An sha ɓata shi, ana komowa ana gyarawa, shi ke nan.

Mu da ake koya wa zane da lissafi, mu da za mu fita gobe mu riƙe ofisoshi, mun fi son ranar buɗe aiki da tafi da ɗaukar hoto. Maƙerin akwatin ɓoyo yana yi wa wanda bai sani ba aiki, a inda ba mai ganinsa, sa'an nan ya koma bayan damina ya duba ko takarda tana nan a bushe. Hausawa sun ce kyan alkawari cikawa. Ina roƙon duk wanda zai ƙera wani abu a cikinmu, ƙarami ko babba, ya tambayi kansa wa zai buɗe shi bayan shekara biyar, kuma me zai tarar a ciki.