Adana Muryar Makaɗi: Darasi daga Faya-fayen Thelonious Monk zuwa Kaset-kaset na Mamman Shata



Gabatarwa

Kafin shekarar 1877, lokacin da Thomas Edison ya ƙago na'urar da ke ɗaukar murya ta kuma maido da ita, idan makaɗi ya rasu to muryarsa ta bi shi kabari. Abin da ke saura shi ne baitocin da yaransa suka haddace, su ma kowa da irin yadda ya riƙe su. Zuwan garmaho da rikoda ya canza wannan al'amari, har mutane suka ɗauka cewa duk abin da aka naɗa ya tsira ke nan. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa naɗi kaɗai ba ya tsirar da waƙa. Za a kwatanta makaɗa biyu da suka yi zamani ɗaya, watau Thelonious Monk, makaɗin fiyano na Amurka, da Alhaji Mamman Shata Katsina, a ga yadda aka yi da gadon kowannensu, sa'an nan a duba aikin da ya rataya a wuyan mutanen wannan yanki.

Yadda aka yi da gadon Monk

An haifi Monk a shekarar 1917 a Jihar Karolina ta Arewa, ya tashi a birnin New York, ya rasu a 1982. Yana cikin baƙaƙen fatar da suka ƙago salon kiɗan jaz da ake kira bibob a farkon shekarun 1940, musamman a wani gidan rawa mai suna Minton's da ke unguwar Harlem. Babban sirrin wannan salo shi ne ƙirƙira nan take. Makaɗi yana da karin da ya sani, amma duk sa'ad da ya zauna gaban fiyano sai ya ɗora sabon abu a kai, ta yadda kiɗan jiya da na yau ba su taɓa zama ɗaya ba.

A watan Oktoba na 1947 Monk ya fara naɗi da sunansa a kamfanin Blue Note. Faifan wancan zamani mai juyi 78 a minti ne, kuma kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3. Saboda haka akan kaɗa kiɗa guda sau biyu ko uku, a zaɓi ɗaya a buga, a ajiye sauran. Abin lura a nan shi ne ba a zubar da sauran ba. Kamfanin ya ajiye uwar naɗin, ya kuma rubuta ranar da aka yi shi, da sunan kowane makaɗi, da lambar kowace ɗauka. Da dogon faifai ya fito a 1948, wanda gefensa ɗaya ke ɗaukar kimanin minti 20, sai aka tattara waɗannan gajerun naɗe-naɗe aka sake buga su. A 1983 wani sabon kamfani mai suna Mosaic, wanda Michael Cuscuna da Charlie Lourie suka kafa, ya buɗe aikinsa da fito da dukan abin da Monk ya naɗa wa Blue Note, har da ɗaukar da a da aka ajiye. Haka kuma aka tattara aikinsa na kamfanin Riverside, na tsakanin 1955 da 1961, ya cika faifan CD 15.

Akwai misalai biyu da suka fi waɗannan ban sha'awa. Ranar 29 ga Nuwamba, 1957, Monk ya yi wasa tare da John Coltrane a zauren Carnegie, gidan rediyon Muryar Amurka ya naɗa, aka ajiye tef ɗin aka manta da shi. Sai a 2005, bayan shekara 48, wani ma'aikacin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka mai suna Larry Appelbaum ya ci karo da shi yana cikin aikinsa na yau da kullum na juye tsofaffin tef-tef. A shekarar aka buga shi. Na biyu kuwa wasa ne da Monk ya yi a wata makarantar sakandare a garin Palo Alto a 1968, wanda mai sharar makarantar ya naɗa, kuma bai fito kasuwa ba sai a 2020. Darasin a fili yake. Na farko ya tsira ne don wata hukuma ta ajiye, wani ma'aikaci kuma ya yi aikinsa tsakani da Allah. Na biyu ya tsira ne a hannun mutanen gari waɗanda ba su yar da abin da ke cikin akwatinsu ba.

Kada kuma a ɗauka cewa can ba a yin asara. A watan Yuni na 2008 gobara ta cinye wani rumbun ajiya na kamfanin Universal a Kalifoniya, dubban uwayen naɗi suka ƙone, cikinsu har da na manyan makaɗan jaz. Kwafi guda a ɗaki guda ba ajiya ba ce, ko a wace ƙasa.

Shata da hanyoyin da aka naɗi waƙoƙinsa

An haifi Mamman Shata a Musawa, kudu da nan Dutsin-Ma, a shekarar 1923, shekara shida bayan haihuwar Monk. Ya yi zama a Bakori da Kano da Funtuwa, ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa da kalangu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ya rasu a Kano a watan Yuni na 1999, aka yi masa sutura a Daura.

Ko da yake kalangu da fiyano ba su haɗa hanya ba, akwai wurin da Shata da Monk suka yi tarayya, watau ƙirƙira nan take. Shata ba ya rubuta waƙa. Gindin waƙa da amshi su ne tsayayyu, amma ɗiyan waƙa yakan ƙaga su ne a fagen wasa, gwargwadon wanda ya gani a zaune da abin da ya faru a ranar. Bakandamiya, wadda ita ce waƙar da yake yi wa kansa kirari a ciki, ya rera ta sau da yawa cikin shekaru masu yawa, yana ƙari yana ragi. Don haka mai nazarin da ya ce ya yi aiki a kan Bakandamiya, dole a tambaye shi, wace daga ciki? Ta wace shekara, a wane gari?

Waƙoƙin Shata sun shiga na'ura ta hanyoyi huɗu. Hanya ta farko ita ce ta kamfanonin faifai, irin su EMI, waɗanda suka buga faya-fayen makaɗan Hausa daga Ikko. Ta biyu ita ce gidajen rediyo da talbijin, musamman na Kaduna wanda gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962. Ta uku ita ce ta masu bincike. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na dakta a Jami'ar Indiyana a kan matsayin mawaƙin baka cikin al'ummar Hausa da Fulani, kuma Shata ne ya ɗauka misali. Kafin nan David Ames ya naɗi kaɗe-kaɗen Hausa a ƙasar Zazzau a shekarun 1960, shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Hanya ta huɗu, wadda ta fi sauran faɗi, ita ce ta jama'ar gari. Tun da kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya wadatu a ƙasar nan a shekarun 1970, sai ya zamana duk inda Shata ya yi wasa, bikin aure ne ko naɗin sarauta ko ajo, za a ga rikoda jere a gabansa. Direbobi da 'yan kasuwa da malaman makaranta da akawuna duk sun naɗa, kowa ya tafi da nasa gida.

An yi ƙoƙari ƙwarai wajen rubuta tarihinsa. Littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006, babban aiki ne. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya daɗe yana tattara matanin waƙoƙin baka. Amma littafi yana riƙe da kalmomi ne kawai. Zaƙin murya, da inda ya ja numfashi, da yadda kalangu ke amsa masa, waɗannan suna cikin tef.

Abin da ke ɓacewa

Ɓarna iri uku ce ke samun waɗannan naɗe-naɗe. Ta farko ta jikin tef ɗin ce. Zaren kaset leda ce da aka shafe da garin ƙarfe, zafin bazara yana sa ta miƙe, laimar damina tana sa ta fumfuna ta manne, ƙurar hunturu kuma tana kankare ta. Bugu da ƙari, rikodojin da za su juya ta suna ƙarewa, masu gyaransu suna tsufa. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗi cewa nan gaba kaɗan za a iya samun tef a rasa na'urar da za ta karanta shi.

Ta biyu ta sake naɗi ce. Duk lokacin da aka juye kaset daga kaset, sauti yana raguwa, ƙara tana ƙaruwa. In batir ya yi sanyi, ko rikoda ta cika gudu, sai muryar ta kauce daga yadda take. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Hausa, harshen da ke da karin sauti, balle ga kalangu wanda aikinsa shi ne kwaikwayon hawa da saukar magana. Har ila yau kaset mai minti 60 minti 30 ne a kowane gefe, saboda haka mai sayarwa yakan yanke farkon wasa ko ƙarshensa don ya sami wuri. Alhali kuwa a nan ne sanƙira ke faɗar sunan gari da na mai biki.

Ta uku, wadda ta fi muni, ita ce ɓatan bayani. A yau ana tura waƙoƙin Shata ta waya da intanet, ɗaruruwa a katin ajiya guda, kuma wannan ya kai muryarsa inda faifai bai taɓa kai ta ba. Sai dai akasarinsu ba shekara, ba wuri, ba sunan makaɗi ko ɗan amshi guda, wani lokaci ma sunan waƙar ba daidai ba ne. Ɗalibin kiɗan Monk zai iya faɗar wanda ya buga masa ganga a rana kaza ta 1947. Ɗalibin Shata kuwa sau da yawa sai dai ya yi kirdado. Wani lokaci waƙar kan taimaka. Alal misali, waƙarsa ta kumbon Apollo 11 ba ta yiwuwa ta riga watan Yuli na 1969, lokacin da kumbon ya kai mutum duniyar wata. Amma ba kowace waƙa ke ɗauke da irin wannan shaida ba. Sauran shaidar tana cikin kawunan dattawan da suka halarci wasan, su kuwa kullum raguwa suke yi. A wannan yanki akwai ƙarin damuwa, domin rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a ƙasashen Safana da Batsari da maƙwabtansu, kuma wanda ya gudu da ransa ba ya tsayawa ɗaukar kwalin kaset.

Aikin da ke gaban Dutsin-Ma da Kurfi

Ba sai an je Amurka neman abin koyi ba. A ƙasar Gini, tsakanin 2008 da 2013, wani mai bincike mai suna Graeme Counsel, da tallafin shirin Laburaren Biritaniya na ceto ajiyar da ke cikin haɗari, ya juye tef-tef na gidan rediyon ƙasar, ya tsirar da waƙoƙi fiye da 9,000. Garin Dutsin-Ma yana da Jami'ar Tarayya tun 2011, yana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga kuma Hukumar Tarihi da Al'adu a Katsina. Ma'aikata da ɗalibai ba su yi ƙaranci ba.

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Ta hannun Yandakan Katsina Hakimin Dutsin-Ma, da Maraɗin Katsina Hakimin Kurfi, da dagatai da masu unguwanni, a nemi sanin gidajen da ke da tsofaffin faya-fayai da kaset, na Shata da na sauran makaɗan yankin, na noma da na farauta da na mata, waɗanda ba wani kamfani da ya taɓa buga su. Na biyu, a karɓi aro, a ba mai kaya takardar shaida, a juye a kwamfuta ba tare da an matse sautin ko an yanke komai ba, har surutun 'yan kallo, sa'an nan a mayar masa da abinsa tare da sabon kwafi. Na uku, a zauna da mai kaset a rubuta abin da ya sani: wa ya naɗa, a ina, bikin wa, zamanin wane hakimi, su wa ke kiɗa. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin kammala digiri, ga aiki nan ya samu. Na huɗu, a ajiye kwafi a wurare uku dabam-dabam, kada a maimaita kuskuren Kalifoniya.

Na biyar ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, watau waƙoƙin Shata suna da kariya har ƙarshen 2069. Adanawa don nazari daban, bugawa don sayarwa daban. Duk wanda zai sake buga su, wajibi ne ya nemi iznin magada, ya kuma ba su haƙƙinsu. Ya kamata kuma a rubuta sunayen makaɗa da 'yan amshi a jikin kowane sabon bugu, domin Shata bai taɓa tsayawa fage shi kaɗai ba.

Kammalawa

An ga cewa abin da ya raya gadon Monk abu uku ne: ajiye uwar naɗi, rubuta bayaninta, da samun ma'aikacin da zai koma ya duba. Ba ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin jami'a guda da ƙananan hukumomi biyu. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kaset-kaset ɗin suna nan a ƙarƙashin gadaje da cikin adakoki, dattawan da suka san labarinsu kuma wasu suna raye. Duk shekarar da aka jinkirta, za a wayi gari an rasa ko dai kaset ɗin ko mai ba da labarinsa.

Allah ya ji ƙan magabata, ya ba na baya ikon riƙe amana.