Zanen da Ba Mutum a Ciki
Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Samarun Kataf

 

Ni ɗan kasuwa ne, yadi da riguna nake sayarwa, karatuna kuwa na Islamiyya ne. Abin da ya sa na nemi magana shi ne wani zane da yarona ya kawo mini daga Zariya, inda yake karatu. Ja da baƙi ne kawai a cakuɗe, sai ɗan fari a kusurwa. Ba mutum, ba doki, ba itace. Na ce masa, "Kai, kuɗin makarantar da nake biya ke nan?" Ya ce, "Baba, dubi rigarka."

To, jama'a, sai na duba. Aska takwas ce a ƙirjina, ga tambari a gefe. Wa ya taɓa ganin wanzami yana aski da irin wannan aska? Amma kowa ya hango ta ya san mai rigar ba ƙaramin mutum ba ne. Dagin Arewa da Sardauna ya ɗaukaka, igiya ce ta sarƙe, ba farko ba ƙarshe, ba wanda ya ce sai an fassara masa. Allon zayyana da malam ya yi mini ranar saukata, ba surar mai rai ko ɗaya a jikinsa, amma kakata da ta gan shi sai hawaye. Ku je Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen 1830 da 'yan kai, ku ɗaga kai sama. Turawa sai wajen 1910 wani mutumin Rasha, Kandinski, ya fara irin wannan zane, suka yi ta mamaki. Mu kakanninmu sun riga su, sai dai yanzu muna gini da bulo da kwano, yaranmu ko sunan ado ɗaya ba su iya faɗa.

Na koma kan zanen yaron, na zauna da shi bayan la'asar. Wallahi sai gabana ya faɗi. Labarin da nake ba shi ne na rikicin Zangon Kataf na 1992, hayaƙi da wuta, da ɗan hasken asuba da muka fita a cikinsa. Ba a haife shi ba a lokacin.

Na rataye shi a shago. Wani abokin cinikina Bakatafe, wanda shi ma ya yi rashi a waccan shekarar, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Da an zana fuskar wani riƙe da makami, da ɗayanmu ya kawar da kai. Ya ce, "Alhaji, na san wannan daren." Muka yi shiru, na aika yaro ya kawo mana shayi.