Tafiya Mabuɗin Ilimi: Abin da Na Gani a Bakin Tekun Badagry



Da farko ina godiya ga Allah da ya sake tara mu a wannan zaure da muka sha sharewa muna yara. Ina kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama, ko da yake na san a cikinku akwai waɗanda suka fi ni yawo, suka kuma fi ni iya magana. Da aka nemi in zaɓi abin da zan yi magana a kai, sai na tuna wata rana muna aji uku, Malam na labarin ƙasa ya zana mana gaɓar teku a allo, ya ce ruwan yakan cika ya janye sau biyu a rana. Wani daga kujerun baya ya tambaya, “Malam, in ya janye ina yake tafiya?” Aka bushe da dariya. Malam ya yi bayani, muka rubuta, muka ci jarrabawa, amma babu ko mutum ɗaya a ajin nan da ya taɓa ganin ruwan da ya wuce na madatsa. Ni kaina sai da na yi furfura na tsaya a bakin teku, lokacin da aka tura ni kwas a kwalejin horar da ma'aikata ta ASCON da ke Topo, kusa da Badagry. Labarin abin da na gani a can na kawo muku, kuma a ƙarshe ina da roƙo.

Badagry gari ne a yammacin Jihar Legas, a kan hanyar zuwa Seme, wato iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Yawancin 'yan asalin garin Egun ne, sarkinsu kuma ana kiransa Akran. Su, da noman kwakwar Attagara, da fatauci a kan iyaka su ne manyan sana'o'insu. Garin bai jingina da teku kai tsaye ba. Akwai wani dogon ruwa mai kwanciya a gabansa, bayansa sai siririn tudu na rairayi da itatuwan kwakwa, sannan Tekun Atlantika.

Ranar wata Asabar muka haɗu mu shida, muka ɗauki ɗan jagora. Ya fara kai mu wani gidan bene da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, inda Samuel Ajayi Crowther, wanda ya yi aikin fassara Baibul zuwa Yarabanci, ya taɓa zama. Ɗan jagora ya ce wannan shi ne bene na farko a Nijeriya. Wani Bakatsine da ke cikinmu ya ce sam bai yarda ba, ina aka bar Hasumiyar Gobarau, wadda ta girmi wannan gida da ɗaruruwan shekaru? Aka yi ta ja-in-ja cikin raha, daga baya aka daidaita a kan cewa shi ne bene na farko irin ginin Turawa. Na kawo wannan ne don yaranmu su sani, wanda bai san tarihin gidansu ba, duk abin da aka faɗa masa a waje sai ya haɗiye.

Daga nan muka shiga gidan tarihi, wanda asalinsa ofishin Di'o ne da aka gina a 1863, shekarar da Ingila ta haɗa Badagry da mulkinta na Ikko. Muka wuce gidan Seriki Williams Abass, mutumin da aka kama bawa yana yaro, aka kai shi Burazil, ya dawo ya zama dillalin bayi shi ma, har daga baya ya zama Sarkin Musulmin garin, ya rasu a 1919. A gidan akwai ɗakuna 40 da aka riƙa tsare mutane a ciki kafin jirgi ya iso. Na shiga ɗaya daga ciki. Ƙarami ne ƙwarai, ba shi da taga sai 'yar kafa a can sama. A wani gidan kayan tarihi kuma aka ɗora mini sarƙar wuya ta ƙarfe a kafaɗa, na ga mari na manya, na ga na yara. Wallahi tun daga nan raha ta ƙare a cikinmu.

Bayan azahar muka shiga kwalekwale mai inji muka haye zuwa tsibirin Gberefu. Hayewar ba ta da nisa, amma ga Bahaushen da bai saba ba, addu'ar da ke bakinsa ta fi tafiyar tsawo. Da muka sauka sai tafiyar ƙasa a cikin rairayi, rana na duka, ƙafa na nutsewa. Wannan ita ce hanyar da aka riƙa koro bayi zuwa bakin teku. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da mutanen garin ke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta inda suka fito. Ƙarshen hanyar shi ne wurin da ake kira inda ba a dawowa. Tun kafin mu ga ruwan muka fara jin rugugi kamar na hadari. Da muka hau ɗan tudu, sai ga shi shimfiɗe har inda ido ya gaza. Na tsaya na kasa cewa komai sai tasbihi.

Jama'a, kada wani ya ɗauka wannan tarihin mutanen kudu ne kaɗai. Hausawa da yawa da aka kama a yaƙe-yaƙe da hare-hare an gangaro da su tashoshin wannan gaɓa, aka sayar, aka haye da su Bahiya a ƙasar Burazil. A 1807 hukumar can ta bankaɗo shirin bore na bayi Hausawa, a 1835 kuma bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salvador, aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi a 1807, amma Burazil ba ta daina shigo da su ba sai 1850, ba ta soke bautar kanta ba sai 1888. Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bature ya zo da jirgi da kuɗi, amma baƙar fata ne ya kamo ɗan'uwansa ya kai masa, kuma kasuwannin ƙasarmu ma sun ga wannan ciniki.

Akwai wata alaƙar kuma da Malam na tarihi zai tuna. Daga Badagry Clapperton ya tashi a watan Disamba 1825 don ya sake ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya bi ta Oyo da Busa da Zariya da Kano, bai isa Sakkwato ba sai bayan wajen wata goma, can kuma ya rasu a watan Afrilu 1827. Tafintansa wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pascoe. Shi ma bawa aka kama shi, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya yi aikin jirgi, sannan ya dawo ƙasar haihuwarsa yana tafinta. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanya daga Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon fiye da kilomita 1,000. In Allah ya nufa aka gama, tafiyar da ta ci Clapperton watanni za ta koma ta kwana ɗaya ko biyu.

Kada in sa ku zaci baƙin ciki kawai ake kwasowa a can. Mun zauna a inuwa, yara suka hau suka saro mana ɗanyar kwakwa muka sha ruwanta. Mun ci gasasshen kifi wanda aka kamo a ranar. Mun ga masunta sun yi dogon layi suna jan taru daga teku da igiya, suna waƙa don ƙarfinsu ya zo ɗaya, har muka sa musu hannu, tafin hannuna ya yi kwana uku yana zogi. A wasu wuraren shaƙatawa na bakin ruwa akwai dawaki na haya da filin ƙwallo a kan rairayi. Na kuma kafa kara a inda ruwa ya tsaya, bayan 'yan sa'o'i na dawo na tarar ruwa ya shanye shi. Ashe gaskiyar Malam ce. Wata ne ke jan ruwan, rana na taimaka masa, in ya janye a nan to ya taru a wani sashe na duniya. Mai tambayar nan ta kujerun baya, na gan shi zaune a nan, to ga amsarka bayan shekaru.

Sai dai akwai gargaɗi. Ni da nake taƙama na iya iyo tun a kududdufin bayan makaranta, na shiga har gwiwa ina dariya. Igiyar ruwa ɗaya ta kwashe ƙafata, ta juya ni, rairayin da nake kai ya zame, ba don wani masunci ya cafko rigata ba da yau wani ke wannan jawabi. Hulata dai ta tafi Burazil. Masuncin ya ce ruwan da ke komawa ya fi mai zuwa haɗari, don yakan yi hanya kamar kogi ya ja mutum ciki. Wanda ya faɗa a ciki kada ya yi kokawa da shi, ya bi gefe har ya fita daga hanyar. Wanda bai iya ruwa ba kuwa ya tsaya inda ruwa ke lasar idon sawu. Kada kuma a shiga kwalekwale sai da rigar da ke hana nutsewa. Lokacin da ya fi dacewa da zuwa shi ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin daga Afrilu zuwa Yuli ruwan sama yana da ƙarfi a can.

To, ga roƙona. Mun gina azuzuwa, mun haƙa rijiyar burtsatse, mun sayi littattafai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina ba da shawara ƙungiya ta buɗe asusu na musamman, a riƙa ɗaukar ɗalibai 30 na aji biyar tare da malamansu na tarihi da labarin ƙasa, a kai su Badagry sau ɗaya a shekara lokacin hutun Disamba. A zaɓe su bisa ƙwazo, ɗan talaka da ɗan mai kuɗi duk ɗaya, da yardar iyayensu a rubuce. 'Yan'uwanmu da ke aiki a Legas su taimaka da masauki, kowane yaro kuma in ya dawo ya rubuta abin da ya gani, a buga a wannan mujalla tamu. Ni na ɗauki nauyin man mota na tafiyar farko, Ma'aji ya rubuta a gaban shaidu. Ba na son yaran nan su jira furfura kamar yadda na jira.

Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Waɗanda ke raye, Allah ya ƙara musu lafiya, ya sa su ga amfanin wahalar da suka sha a kanmu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.